Tambaya da Amsa: Faifan Jita Mai Ƙamshin Karkara

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka dosa: faifan da gogaggen makaɗin jita kan yi shi kaɗai bayan ya sha shekaru cikin ƙungiya, yana waƙar gona da ƙauye. Mai ɗaukar sauti da mai gyaran jita na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum. Nakan ji a rediyo ana cewa wani tsohon makaɗin jita na Ingila ya bar birni ya koma karkara, ya fitar da faifai shi kaɗai. Al'ada ce a can? Kuma me ke sa a ce waƙa ta karkara ce alhali kiɗan pop ne?
*Mai karatu daga Yantala, Yamai*

Wa alaikumus salam, Malam. Al'ada ce, kuma ta daɗe. Tun wajen 1970, lokacin da na'urar ɗaukar sauti ta kai yadda mutum zai iya girka ta a gida, makaɗan Ingila da dama suka sayi gidaje a bayan gari suka kafa situdiyo a ciki. George Harrison, makaɗin jitar ƙungiyar Beatles, ya sayi gidan Friar Park a Henley-on-Thames a 1970, ya mai da wani sashe nasa situdiyo, ya duƙufa kan aikin lambu har rasuwarsa a 2001. Faifansa na 1979 mai ɗauke da sunansa a gidan aka ɗauke shi. Paul McCartney, shi ma ɗan Beatles, wanda aka fi sani da bas, wato jita mai kaurin murya, ko da yake da jita ya fara, ya ɓuya a gonarsa ta Kintyre a Sikotland sa'ad da ƙungiyar ke wargajewa, sannan a 1970 ya fitar da faifan da ya kaɗa duk kayan kiɗansa da hannunsa, wanda ya fara ɗauka a gidansa na Landan da na'urar da ke ɗaukar layin sauti huɗu kacal. A Disamban 2020, yana ɗan shekara 78, ya sake fitar da irinsa daga situdiyonsa na Sussex. Waƙar da ta rufe wannan faifan lissafin aikin gona ce zalla: shingen da za a gyara kafin yanyawa su shiga wa kaji da 'yan tumaki, magudanar da za a haƙa kusa da karas, itatuwan da za a dasa a bakin ruwa.

Pop ɗinsa yana cikin ƙirar waƙar: minti uku zuwa huɗu, baiti da amshi, karin da yaro zai riƙe daga ji biyu. Karkarar kuwa tana cikin yadda aka sa wa waƙar kaya. Kayan kiɗa kaɗan ne, da sarari tsakaninsu. Jitar katako ce ke gaba, da yatsu ake tsinkar ta, sau da yawa da tsarkiya ɗaya mai kauri da ke ta gurnani a ƙasa ba ta canjawa. Murya tana kusa da makirufo, ba a goge ta an kashe numfashinta ba.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Ali Farka Touré ya sa aka kai masa kayan ɗaukar sauti har garinsu Niafunké a Mali, faifan ya fito a 1999 da sunan garin. 'Yan matan Illighadad, ƙauyen da ke yankin Abalak cikin jihar Tahoua, a fili ƙarƙashin sama aka ɗauki faifansu na farko na 2016. Inda muke jan kunne shi ne nan: Bature mai kuɗi yana zuwa karkara ya huta daga hayaniya, shi ya sa faifansa ke da sanyin jiki. Ƙauyen Adar wurin aiki ne da jiran ruwa da tafiya ci-rani. A ɗauki dabarar aikinsu, amma kada a aro yanayin zuciyarsu.

Na haura shekara sittin, na kaɗa jita a orkestira da bukukuwa tun ina saurayi. Yanzu ina so in koma ƙauyenmu wajen Illela in ɗauki waƙoƙi goma ni kaɗai. Babu wutar gari can. Me zan tanada, kuma ta ina zan fara?
*Dattijo daga Bilbis, Tahoua*

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama da hannu. Ku fara da ɗaki kafin na'ura, domin ɗaki shi ne rabin sautin. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba: bangon ƙasa ba sumul yake ba, yana watsa sauti, kaurinsa kuma yana tare hayaniyar waje da zafi. Kwano yana ƙara da kansa idan rana ta buge shi ko iska ta kaɗa. Ku tsaya tsakiyar ɗaki ku tafa sau ɗaya da ƙarfi. In kun ji wani zirin ƙara ya biyo bayan tafin, ɗakin yana mai da sauti. Ku shimfiɗa tabarma biyu ko darduma, ku jingina katifa a bangon da ke bayanku, ku rataya bargo a wanda ke gabanku, ku jera buhunan hatsi a kusurwoyi. Kusurwa ce matattarar sauti mai kauri. Kada ku zauna daidai tsakiya, kada kuma ku manne da bango. Wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin ya fi.

Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta ta hannu, katin sauti, wato akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, mai ƙofa biyu wanda ke ba makirufo wutar 48V, makirufo kondensa ɗaya, sandarsa, wayarsa mai haƙora uku, rariyar da ake sawa gaban baki, da hedifon mai waya wanda ke rufe kunne ruf. Hedifon na Bluetooth ba ya wannan aiki, sautinsa yana makara, duk abin da kuka ɗora zai zo bayan kiɗa. Manhajar Audacity kyauta ce, Reaper ta fi ta sauƙin ɗora layi kan layi.

Ga lissafin wuta. Kwamfuta da katin sauti suna cin wajen wat 60. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1200, amma irin na gubar nan rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Inbata za ta ci nata, a bar muku kamar 500, aikin awa takwas ke nan. Farantin sola mai wat 150 zuwa 200 zai mai da wannan cikin yini ɗaya, muddin ana share ƙurarsa kowace safiya. Abin da ke ɓata wa mutane aiki shi ne inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul: tana sa wani zuu siriri cikin sauti wanda ba ya wankuwa daga baya. Ku nemi wadda aka rubuta wa "pure sine", ko kuma ku cika batirin kwamfuta, ku zare caja gaba ɗaya lokacin ɗauka, ku mayar lokacin hutu. In janareta ne, a kai shi mita talatin ko fiye, bayan katanga, ta gefen da iska ke tafiya. Wayoyin salula duk a kashe su.

Lokacin shekara: bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Janairu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, fankar kwamfuta ba ta yin shiru, ku kuma ba za ku iya rufe ƙofa ba. Lokacin yini: bayan isha'i idan gari ya kwanta, ko hantsi bayan an kora dabbobi kiwo.

Makirufo kada ya kalli bakin jita. Nan iskar cikin jitar ke fita, sautin zai zo da kumburi ya danne komai. Ku nufe shi inda wuya ya haɗu da jiki, wajen gaɓa ta 12 zuwa ta 14 in an ƙirga ƙarafan wuya daga kai, nisan santimita 20 zuwa 30. In sautin ya yi siriri, ku ɗan juya shi wajen jiki. In ya yi kauri, ku ja shi baya ko ku juya wajen wuya. Ga murya, taƙi ɗaya daga baki, da rariya a tsakani. A manhaja ku zaɓi 24 bit da 48 kHz. Ku buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ku saita ƙarfin shiga har ma'auni ya tsaya tsakanin -12 da -6. In ya taɓa sifili ya yi ja, sautin ya fashe, kuma fashewar ba ta da magani sai sake ɗauka.

Tsarin ɗorawa: da farko layin jagora, jita da murya tare, ba don a ajiye ba, don a bi. Sai ƙwarya ko abin da zai riƙe lokaci, sai jita ta gaske, sai bas in akwai, sai jita ta biyu mai amsawa, murya a ƙarshe. Shawararmu, Baba, ku bar aƙalla waƙa biyu da za ku yi jita da murya a zama ɗaya ba ɗori. Hannun da ya shekara arba'in yana kiɗa yana da ja da saki nasa wanda ke mutuwa idan aka ɗaure shi da na'urar ƙirga lokaci.

Kowane dare ku kwafi aikin wuri biyu. Layi ɗaya na minti ɗaya yana cin kusan megabait tara, waƙar minti biyar mai layi goma sha biyu ta wuce megabait 500 kafin a ƙirga maimaici, don haka kati mai gigabait 64 ba almubazzaranci ba ne. Mike Oldfield, da yake ɗaukar Ommadawn a gidansa na Herefordshire a 1975, kaset ɗinsa ya riƙa zubar da fatar da ke riƙe sauti har dole ya sake aikin daga farko. A yau ƙura da zafi da yankewar wuta ne ke cin aikin mutane ta wannan hanya.

Na ji ana cewa makaɗan Ingila suna sake saitin tsarkiya don su sami wannan sautin mai zurfi. Yaya ake yi? Zai dace da karin waƙarmu?
*Ɗalibin kiɗa daga Talladje, Yamai*

Ƙanenmu, zai dace, kuma akwai dalili. Cikin irin waɗannan saiti, wanda aka fi sani makaɗin jita Davey Graham ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya ji masu kaɗa udu, molon Larabawa. Wato daga wannan nahiya tamu tunanin ya tafi.

Saitin da ka saba, daga mai kauri zuwa siririya, Mi La Re Sol Si Mi ne. Za ka mai da shi Re La Re Sol La Re. Tsarkiya uku kawai za ka taɓa, duk sassautawa: ta shida daga Mi zuwa Re, ta biyu daga Si zuwa La, ta farko daga Mi zuwa Re. Ko babu na'urar saiti za ka iya. Danna ta shida a gaɓa ta 12, ta yi daidai da ta huɗu a sake. Danna ta biyar a gaɓa ta 12, ta biyu a sake ta yi daidai da ita. Danna ta huɗu a gaɓa ta 12, ta farko a sake ta yi daidai da ita. Ka sassauta ka ɗan wuce ƙasa, sannan ka hau zuwa sautin, in ba haka ba tsarkiyar za ta zame tsakiyar waƙa. Ka zagaya duka shidan sau biyu, domin da ka rage wa wuya nauyi sai ya ɗan miƙe, sauran ukun da ba ka taɓa ba su hau.

Amfaninsa shi ne idan ka kaɗa duka a sake, babu sautin nan na uku da ke raba kiɗan Turai gida biyu, na fara'a da na baƙin ciki. Fili ne buɗaɗɗe, kuma karin waƙoƙinmu mai sauti biyar yana yawo a kansa ba karo. Gwada a tsarkiya ta farko: a sake, gaɓa ta 3, ta 5, ta 7, ta 10, babban yatsa yana bugun ta shida da ta huɗu bi da bi. Sai ka gwada a sake, ta 2, ta 4, ta 7, ta 9, ka ji yadda fuskar waƙar ta canja. In Re ya yi wa muryarka ƙasa, sa kapo, wato matsin da ke danne duk tsarkiyoyi a wuya, a gaɓa ta 2 ka sami Mi, ko ta 5 ka sami Sol.

Matsalarsa ɗaya: tsarkiya mai laushi takan yi kwararo idan aka sassauta ta. Wanda ke amfani da tsarkiya mai kauri lamba 11 ya koma 12, mai 12 ya koma 13 in jitar za ta zauna a wannan saiti. In kuwa za ka riƙa komawa saitin farko, kada ka sa 13 a jita mai rauni, za ta ɗaga jaki, wato katakon da ke riƙe tsarkiya a fuskar jita.

Jitata lafiya lau take da damina, amma da hunturu ya shigo sai ta fara zizar ƙarfe, bakin ƙarafan wuya yana yankar hannu, yanzu har na ga siririn tsagu a fuskarta. An yi mini mugun sayi ne?
*Makaɗi daga Garkawa, Tahoua*

Ba lalle ba, Malam. Katakon jita an busar da shi an haɗa a inda danshin iska yake kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Tahoua da rani yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafan ya fito. Fuskar jitar tana lotsawa, jaki ya sauka da ita, tsarkiya ta kusanci wuya ta fara ziza. Tsagun shi ne mataki na gaba. Abin mamaki, jita mai tsada ta katako ɗaya ta fi saurin tsagewa, mai araha ta falle-falle ta fi jure mana.

Kafin ka taɓa komai da makulli, ka ba ta ruwa. Sami gidan sabulu na roba, huda murfinsa wuri goma, jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, sa shi ciki, ajiye cikin akwatin jitar wajen kai, ka rufe. In jakar yadi ce gare ka, saka jitar da gidan sabulun cikin babbar leda tukuna. Duba soson kowane kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fuskar za ta taso, tsagun ya matse bakinsa. Sai a lokacin mai gyara zai cusa gam na katako a ciki ya liƙa 'yan ƙananan faci ta ciki. Kada a sa gam mai kama nan take a tsagun da yake buɗe, kuma kada a riƙa shafa shi da yatsa, maiƙon hannu yana hana gam kamawa.

In zizar ba ta tafi ba, auna. A gaɓa ta 12, tsakanin ƙarfe da tsarkiya ta shida ya zama kamar milimita 2.5, ta farko kamar 2. Sa kapo a gaɓa ta farko, danna ta 14, dubi ta 7: ya kamata a sami ɗan sarari kamar kaurin katin gaisuwa. In babu, sassauta ƙarfen da ke cikin wuya, juyi zuwa hagu, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai, ka bar ta ta kwana ka sake aunawa. In ya ƙi juyawa kada ka tilasta, karyewarsa ta fi kuɗin jitar da yawa. Kuma kada a bar jita cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano da rana, gam ɗin jaki yana saki da zafi. Sababbin tsarkiyu a sa su kwana biyu kafin ɗauka, su gama miƙewa.

Ina so in sa kukan zakara da na zabi da sautin daka a cikin faifaina, in kuma gayyaci wani mai gurmi. Da na gwada, gurmin da jitar sun ƙi jituwa, dakan kuma ya ƙi bin kiɗa.
*Matashi daga Boukoki, Yamai*

Samari, zakara dai ka yi hankali da shi. Kowa da shi yake farawa, kuma ba ya gaya wa mai sauraro komai, a Boukoki ma akwai zakaru. Sautin da ke da amfani shi ne wanda ke da aiki a cikin waƙar: igiyar guga tana gogar itacen bakin rijiya a waƙar da ke zancen ruwa, ƙafar amalanke a waƙar kai dami gida. Ɗaya ko biyu a faifai duka sun isa, a farkon waƙa ko ƙarshenta, ƙasa da kiɗa sosai. Ka ɗauki minti biyu ko uku na kowane sauti don ka sami wurin yanka, ka rufe makirufo da soso da mayafi mai gashi, ka ba iska baya. Iskar da kunnenka bai damu da ita ba, a makirufo tsawa ce. A manhaja ka yanke duk sauti mai kauri da ke ƙasa da 80 Hz. Kiran salla da karatun allo kada su shiga ƙarƙashin kiɗa, ko da daga nesa ne. In sun faɗo cikin ɗauka, jira a gama ka sake.

Dakan bai ƙi bin kiɗa ba, kai ne ka juya tsarin. Mata masu lugude ba za su bi hedifon ba, kuma bai kamata a sa su ba. Ɗauki luguden tukuna, makirufo kamar mita ɗaya da rabi daga turmi, a tsayin ƙugu, ba a ƙasa ba inda dukan ke girgiza sanda. Sai ka zauna ka saurara har ka gane inda ƙafarsa take, ka kaɗa jitarka a kai. Zai ɗan yi sauri ya ɗan lafa yadda hannu ke gajiya, kai ma ka bi shi. Ka nemi izininsu da na masu gidan kafin ka kunna na'ura, ka faɗa musu inda sautin zai je, ka biya su, in sun yarda ka ambace su. In waƙar daka suka rera ka ɗauki karinta, wannan ba sautin gari ba ne, waƙar mutane ce.

Gurmi kuwa, jita ce za ta bi shi. Fatarsa tana saki da danshi tana ɗaurewa da zafi, kuma matakan sautinsa ba daidai suke da gaɓoɓin jita ba. Bari mai gurmi ya saita abinsa inda muryarsa ke so, kai ka ɗaure ko ka sassauta tsarkiyarka ta shida har ta zauna kan babban sautinsa, sauran su bi ta, ko da na'urar saiti ta ce ba daidai ba. Ka bar cikakkun kod, wato haɗin sauti uku a bugu ɗaya, ka riƙe tushe da na biyar kawai, a nan ne saitin Re La Re Sol La Re ke biyan kuɗinsa. Ku gama waƙar a zama ɗaya. In kuka bari sai gobe, fatar ta motsa, ba za ku sake samun wurin ba. Da makirufo biyu, nisan da ke tsakaninsu ya ninka nisan kowanne da kayan kiɗansa sau uku, in ba haka ba sautin zai yi rami idan aka haɗa.

Ni nake rubuta wa maigidana baitoci. Duk abin da na rubuta kan ƙauye sai ya fito kamar waƙar 'yan makaranta: ƙauye daɗi, noma tushen arziki. Ina gyaran yake?
*Mai karatu daga Wadata, Tahoua*

Malama, kin riga kin gano ciwon. Yabo ne ke kashe irin wannan waƙa. Ki bar "ƙauye" gaba ɗaya ki kama abu ɗaya, rana ɗaya, mutum ɗaya. Haƙar tassa da rani a fako mai tauri, ana zuba taki tafi guda a kowane rami ana jiran ruwan da bai zo ba. Shukar da aka binne sau biyu. Maimai da ya riski gida babu maza, duk sun tafi Abidjan ko Libiya. Ranar buɗe rumbu, da wanda ke da ikon buɗe shi. Albasar Galmi a tsibe bakin hanya farashi ya faɗi. Wanda ya yi aikin zai ji an san shi, wanda bai yi ba zai ga hoto. Ki tambayi tsofaffin gidanku sunayen irin gero da na kayan aiki yadda ake faɗinsu a Adar, ki sa su yadda suke, kada ki mai da su Hausar rediyo.

Sai kari. Hausa tana da hawa da sauka a kowace gaɓar kalma, da dogon wasali da gajere. In aka ɗauko karin pop aka cusa baiti a ciki, kalmomi suna karkacewa, mai sauraro ya ji baƙunci ko bai san dalili ba. Ki karanta baitin da baki yadda za ki faɗa wa maƙwabciya, ki ɗauka a waya, maigida ya saurara ya nemi karin daga hawa da saukar maganarki. Inda wasali yake dogo nan sauti zai tsaya. Amshi ya zama gajere, layi ɗaya ko biyu.

Na gama haɗa waƙoƙina, a hedifon suna da daɗi, amma a waya jitar ta ɓace, murya kawai ake ji. Kuma ina tsoron a kwashe mini aiki.
*Mai karatu daga Lazaret, Yamai*

Malam, lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Re na tsarkiya ta shida yana wajen 73 Hz, waya kuwa sai sama da 200 take fara magana da kyau. In ƙarfin jitarka duk a ƙasa yake, ya tafi. Rage kumburin da ke tsakanin 100 da 200 Hz kaɗan, ɗaga wajen 2 zuwa 4 kHz da desibel biyu ko uku inda tsinkar yatsa take, sannan ka ɗaga layin jitar gaba ɗaya. Wani dalilin kuma shi ne faɗaɗa jita hagu da dama da dabarar manhaja: waya tana haɗe gefen biyu su zama ɗaya, sai su cinye juna. Danna maɓallin mono, mai haɗe gefen biyu, kana haɗawa, abin da ya ɓace a nan zai ɓace a kasuwa. Amsa-kuwwa ka rage ta fiye da yadda ranka ke so. Ka gwada a waya biyu, da ƙaramar lasifikar Bluetooth, da rediyon mota, tunda nan jama'a za su ji.

Ƙarfin ƙarshe ya tsaya wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, ƙololuwa kada ta wuce -1. Faifan jitar katako in aka matse shi don ya yi ƙara kamar na rawa, numfashinsa ya fita. Waƙa takwas zuwa goma, minti 35 zuwa 40, ya isa. Ajiye asalin a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, ka fitar da MP3 mai 192 ko sama don katin waya, ka rubuta sunanka da na waƙa da shekara a cikin bayanan fayil ɗin, domin da ya fara yawo daga waya zuwa waya sunan da ke waje yakan canja. A WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, wato "document".

Batun haƙƙi, kafin waƙa ɗaya ta fita daga hannunka ka je ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, nan Yamai, ka yi rajistar kanka da waƙoƙin. Tafi da kwafin sautin, da baitocin a rubuce, da takardar shaidarka. A bayyana wanda ya yi kari da wanda ya rubuta baiti, kowa da kasonsa. Duk wanda ya sa hannu a faifan, mai gurmi ne ko mai ƙwarya ko mai amshi, ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: an biya shi gaba ɗaya ne, ko yana da kaso, kuma nawa. Ku sa hannu ku biyu da shaida ɗaya, kowa ya riƙe kwafinsa.